Likitar da Ta Fara Aiki a Bayan Shagon Ɗinkina

Mu biyar mahaifinmu ya haifa: ni ce babba, sai maza uku, sai autarmu mace, wadda na girme ta da shekara tara. A Agege aka haife mu gaba ɗaya, a wani gidan haya mai ɗakuna a jere kusa da layin dogo. Rabin masu hayar Hausawa ne, rabi Yarabawa, famfo ɗaya muke bi wa layi, saboda haka muka tashi da harshe biyu a baki. Baba mahauci ne a kwata. Yana saurayi ya biyo motar shanu daga Kano, shi da wani amininsa da muke kira Baffa, kuma har ya tsufa bai iya cewa Legas ba, Ikko yake cewa. Ni a sakandare na tsaya. Na koyi ɗinki a hannun wata Bayarabiya a Ogba, na yi aure, na kama shago a bakin layinmu. Ƙanwata kuwa tun tana firamare kowa ya san karatunta ba nan kusa zai tsaya ba.

Ba shiru-shiru ba ce irin yadda ake zaton masu ƙoƙari. Tambaya gare ta kamar me. Idan mata suka zo awo, sai ta ajiye littafi a kan teburin yanka ta sa musu ido, kafin na gama auna kafaɗa ta san garin da aka haifi mace da abin da ya kawo mijinta kudu. Sau da yawa na kore ta, sau da yawa kuma matan ne ke cewa in ƙyale ta.

Da ta samu gurbin karatun likita, Baba ya yanka rago. Shi kaɗai ya yanke hukunci cewa likitar tiyata za ta zama, ya bi kwata yana faɗa wa kowa cewa aikin wuƙa a jininmu yake, bambancin kawai ita za ta ɗinke abin da ta yanka. Idan ta zo hutu yakan taho da zuciyar saniya ko ƙoda a leda, su zauna a tsakar gida da faranti a tsakaninsu. Shi ya tsaga ya faɗi sunan kowane sashe da Hausar mahauta, ita ta faɗa da Turancin littafi, Mama tana tsaye da tukunya tana jiran su gama ta ɗauke abinta.

Bayan ta kammala, aka tura ta shekarar koyon aiki a wani asibiti a cikin gari, inda sabon likita ke zagaya sashe-sashe. Wata Lahadi da rana ta zo shago, ta zauna a kan buhun ƙyallaye, ta ba ni labarin wani mai gadi ɗan Maraɗi. Mutanen gidan da yake gadi ne suka kawo shi suka tafi. An rubuta a takardarsa cewa surutai yake yi marasa kan gado, yana cakuɗa harsuna, bai san inda yake ba. Ita kuwa da ta zo wucewa ta gefen gadonsa sai ta ji Hausa tsaf, irin ta mutanen Nijar mai ɗan Faransanci a ciki. Cewa yake yi a kira masa lokotoro, wato likita, a kuma ba shi ruwa ya yi alwala, kwana uku ke nan yana roƙo. Ta kawo masa ruwa, ta ja kujera ta zauna. Ashe ƙaninsa ne ya rasu a hannunsa wata biyu kafin nan. Shi ya ɗauko shi daga gida ya kawo shi Legas neman abinci, kuma ya kasa faɗa wa mahaifiyarsu. Ya daina barci, ya daina cin abinci, har ya fara jin muryar marigayin. Ciwo kam yana da shi, amma ba wanda aka rubuta ba ne. Ta fassara wa babban likita komai, aka sauya magani, aka nemo 'yan garinsu, cikin sati uku ya fita da ƙafarsa.

"Yaya," ta ce da ni, "karaya ana ganinta a hoto, ciwon suga ana ganinsa a jini. Wannan ciwon kuwa da magana ake gano shi. Idan likita ba ya jin abin da kake faɗa, da me zai duba ka?"

Na ce Allah ya ba ta lada, na ci gaba da ɗinkina. Ban gane cewa shawara ta riga ta yanke ba.

Ranar da ta faɗa wa Baba cewa ɓangaren ƙwaƙwalwa za ta ƙware a kai, yana cin tuwo. Ya tsame hannu, ya tambaye ta ko jarrabawar tiyatar ce ta faɗi. Ta ce a'a, ba ta ma zauna ba. Ya ce to duk shekarun nan da aka yi ana wahala, ƙarshensa gadin mahaukata za ta je yi? Bai ɗaga murya ba, amma ya wanke hannu ya fita, kuma ya yi wata da watanni bai sake tambayarta labarin aiki ba. A kwata idan aka tambaye shi sai ya ce likita ce, ya kawo wani zance. Tsoron Mama daban ne. Ta ji ana cewa mai yawan zama da masu taɓin hankali shi ma yakan taɓu, kuma aljanun da ya kora su kan biyo shi gida. Ta ƙara da cewa ba uwar da za ta bar ɗanta ya auri mai irin wannan aiki. Ni ma ba zan yi ƙarya ba, ban goyi bayanta ba. Asibitin da za ta je yara ne ke tsokanar juna da sunansa a kan titi, kuma na yi tunanin abin da matan da nake wa ɗinki za su ce.

Ƙanwata ta saurare mu duka, ta tafi abinta. Kullum bayan sallar asuba takan hau danfo, ƙaramar bas ɗin haya, zuwa Oshodi, ta sauya wata motar, ta dawo bayan magariba ƙafafunta a kumbure. A shekararta ta uku ne ta fara wani ƙorafi: mutanenmu ba sa zuwa asibiti sai abin ya kai maƙura, an zagaya ko'ina an gaji, sannan a kawo mutum ɗaure da igiya, jikinsa duk tabon duka. Ta ce da za a gan su tun ciwon yana sabo, da yawansu ko kwanciya ba za su yi ba. Ta je wajen oganta, wani farfesa Bayarabe dattijo, ta roƙe shi izinin duba mutane a Agege duk Asabar. Ya amince, da sharaɗin ta riƙa kawo masa bayanin kowane mara lafiya ran Litinin, wanda ya fi ƙarfinta kuma ta turo asibiti.

Limamin masallacinmu ya ba ta aji ɗaya a makarantar Islamiyya. Ta sa aka rubuta allo aka kafa a ƙofa. Asabar huɗu ta yi tana zaune da rigarta fara da littafin rubutu, ba wanda ya leƙo sai wani tsoho mai ciwon gwiwa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ƙofar ajin tana kallon teburin mai shayi, inda maza ke wuni. Duk wanda ya shiga, kafin ya fito labari ya kai kwata.

A sati na biyar wata Hajiya da na daɗe ina wa ɗinki ta zo da leshi. Ina auna ta sai ta rage murya ta ce 'yarta ta haihu kwana ashirin da suka wuce, amma ta ƙi shayar da jaririn, tana cewa an musanya mata shi, ba ta barci, wani lokaci ta yi ta dariya ita kaɗai. An yi rubutu, an yi turare, abin sai gaba yake yi. Ta tambaye ni ko ƙanwata za ta yarda ta gan ta a nan shagon, kamar dai ɗinkin fitar jego suka kawo.

Akwai wani ɗan ɗaki a bayan shagona inda nake ajiye yadin da nake sarowa daga kasuwar Idumota. Ranar Juma'a da yamma muka kwashe kayan, muka share, muka sa kujeru biyu na roba da fanka, na ɗinka labule mai kauri na rataya. Washegari Hajiya ta zo da 'yarta da ledar atamfa a hannu. Suka shiga. Da na lura ana jin maganarsu daga waje, sai na hau keke na fara taka shi da ƙarfi. Ba ni da ɗinkin gaggawa a ranar, tsofaffin ƙyallaye na yi ta haɗawa har kusan awa biyu.

Mai jegon sai da aka kwantar da ita a asibiti na ɗan lokaci. Ƙanwata da kanta ta raka su, ta kuma zauna da mijin ta yi masa bayani cewa ciwo ne da kan biyo bayan haihuwa, ba laifin kowa ba ne, kuma ana warkewa. Bayan wata guda da 'yan kwanaki yarinyar ta shigo shagona da ɗanta a goye, ta kwance shi ta ba shi nono a gabana tana tambayata ko an gama ɗinkin. Ni kuwa ban ko taɓa atamfar ba. A daren sallah ma ban taɓa ɗinki da sauri irin na wannan satin ba.

Daga nan mata suka fara zuwa. Kowace da ledarta. Akwai turmin atamfa guda da ya shigo shagona ya fi sau goma bai ga almakashi ba, maƙwabta ne ke ara wa juna shi. Wasu kuwa da gaske suke kawo ɗinki, su ce tunda sun zo. Na zama mai tsara layi ba tare da an naɗa ni ba: in ce wa wannan ta dawo bayan azahar, in ja waccan da hira don kada ta haɗa ido da surukarta. Abin da ake faɗa a bayan labule ban taɓa tambaya ba, ita ma ba ta taɓa faɗa min ba. Amma ina ganin fuskoki. Na ga macen da ta shiga ba ta iya ɗaga kai, bayan sati shida tana yi min ciniki tana dariya. Ba duka aka yi nasara ba. Akwai wata yarinya da ta fara samun sauƙi, danginta suka kwashe ta zuwa arewa ba sallama, har yau ba mu ji labarinta ba, kuma ƙanwata ta daɗe tana ambatonta.

Ba ta taɓa yi wa kowa musu a kan aljanu ko sammu ba. Tambayarta dai ita ce yaushe abin ya fara, yaya barci, yaya cin abinci, me ya faru a gidan kafin nan. Ta ce su ci gaba da addu'a, su kuma sha magani a kan lokaci. Akwai wani malami a unguwarmu da ya yi suna wajen ruƙiyya, da ya ji labari ya fara cewa ana raba mutane da tawakkali a shagon tela. Maimakon ta yi fushi, sai ta roƙi Liman ya raka ta wajensa, ni ma na bi su. Malamin ya tambaye ta kai tsaye ko ta yarda akwai aljanu.

"Na yarda, Malam, tunda Alƙur'ani ya ambace su," ta ce. "Sai dai ba a koya min maganinsu ba. Abin da aka koya min shi ne ƙwaƙwalwa tana ciwo kamar yadda hanta take yi. Wanda ka yi wa karatu bai samu sauƙi ba, ka turo min shi in gwada nawa. Abu ɗaya nake roƙo, kada a doke shi, kada a ɗaure shi."

Bai ce ya yarda ba a ranar. Amma bayan sati biyu wata mata ta zo da ledarta ta ce Malam ne ya turo ta.

Maza ne dai ba su da hanyar shiga shagon ɗinkin mata, kuma ba su nuna suna so ba. Abin da ya buɗe wannan ƙofar ya zo ne daga inda ba mu zata ba.

Baffa, aminin Baba, dillalin fata ne, mutum mai fara'a da ya riƙa ɗaukarmu a kafaɗa muna yara. Kusan shekara biyu ba mu gan shi ba, an ce mana ya koma Kano jinya. Wata Asabar matarsa ta zo, ta jira har kowa ya watse, sannan ta ce mu biyu take so ta gani. Ta ce Baffa bai je ko'ina ba. Yana ɗakin baya a gidan babban ɗansa, layi uku daga namu, da sarƙa a ƙafa. Ciwon yakan zo masa ne ya yi kwanaki ba barci, ya yi ta rabon kayansa a kasuwa, ya hau tebur yana wa'azi, wanda ya tare shi kuma ya sha duka. Bayan nan sai ya kwanta wata da watanni ko magana ba ya yi. Da ya fasa wa wani ɗan okada, wato mai babur ɗin haya, kai ne iyali suka ji tsoro suka ɗaure shi. Sai ta ƙara da cewa Baba ya sani. Shi ne ma ya kira mai walda ya kafa ƙarfen a bango.

Matar ta tafi. Da yamma ƙanwata ta sami Baba a ƙofar gida, ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗa masa abin da ta ji. Ya ce sun yi haka ne don kada 'yan sanda su tafi da shi, ko mutanen gari su kashe shi, kuma tun daga ranar bai sake iya taka layin ba. Ta ce ta san don ƙauna aka yi. Ta ce babban ɗan Baffa ba zai buɗe mata ƙofa ba sai da maganar Baba, don haka take roƙonsa ya raka ta. Ya tambaye ta ko tana da tabbacin zai warke. Ta ce tabbaci na Allah ne, amma ta ga irinsa da yawa sun koma bakin aikinsu.

Washegari bayan azahar muka je mu uku. Ɗakin ƙarami ne, taga ɗaya a rufe da kwali, warinsa ya tare mu tun daga tsakar gida. Baffa yana zaune a kan tabarma ya jingina da bango, ya rame har ban gane shi ba sai da ya ɗago. Sarƙar ta ci idon sawunsa ta bar gyambo. Baba ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shiga. Ƙanwata ta cire takalmi ta shiga, ta durƙusa kamar yadda muke yi masa tun muna yara.

"Baffa, ina wuni? Mun same ku lafiya?"

Ya dube ta. Sannan ya ce, "Auta ce? Har yanzu kina yawan tambayar nan?"

Ta ce har yanzu, kuma yau ma ita ta kawo ta. Ta zauna a ƙasa kusa da shi, suka yi kusan awa guda suna magana ƙasa-ƙasa. Da ta fito ta ce wa ɗansa a cire sarƙar, yau za a tafi da shi asibiti, Baffa kuma ya yarda da bakinsa. Ɗan ya ce yana tsoron abin da zai faru a hanya, a bari a ɗaure masa hannu ko da rawani ne. Ta ce a'a. A mota zai zauna kamar kowa, amininsa a gefensa. Duka muka juya muka kalli Baba.

Makullin kwaɗon ya daɗe da ɓata. Baba bai aiki kowa ba, da kansa ya fita ya dawo da mai waldan nan dai na farko. Ya shiga ɗakin, ya zauna, ya ɗora ƙafar Baffa a kan cinyarsa, ya naɗe ta da hularsa da gefen rigarsa don kada zarto ya taɓa fata. Da ƙarfen ya faɗi, Baffa ya shafa wurin, ya tambayi Baba ko shanu sun yi tsada bana. Baba ya buɗe baki zai amsa sai kuka ya ƙwace masa. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

Sati shida Baffa ya yi a asibiti, Baba yana zuwa duk Juma'a da farfesu a kula. Bayan an sallame shi ya yi wata huɗu lafiya lau, sai ya ce ya warke ya ajiye maganin, ciwon ya fara leƙowa. Matarsa ta gane alamun da wuri kamar yadda aka koya mata, aka mayar da shi kan magani kafin abin ya yi nisa. Daga nan bai sake wasa da shi ba. Ranar da ya koma kwata, yana ɗan ɗingishi, 'yan'uwana maza suna wurin, su suka ba mu labari. Mutane suka taru suna yi masa barka da dawowa daga Kano. Ya ɗaga hannu ya ce su daina, bai je Kano ba. Ya ɗage wandonsa ya nuna tabon, ya ce ciwon ƙwaƙwalwa ya yi, an ɗaure shi shekara biyu, kuma 'yar wancan ce ta kwance shi, ya nuna Baba. Ya ce duk mai irin wannan a gidansa ya daina ɓoyewa. Suka ce Baba yana riƙe da wuƙa, sai wani baƙon dillali ya tambaye shi wace irin likita ce 'yar tasa, ya amsa da ƙarfi yadda kowa zai ji cewa likitar ƙwaƙwalwa ce.

Kafin wata ya zagayo, Sarkin Fawa ya aiko cewa ofishin ƙungiyar mahauta a buɗe yake gare ta duk ranar da take so. Maza suka fara zuwa can: mahauta, 'yan dako, masu gadi 'yan Nijar da labarin ɗan Maraɗin nan ya daɗe da isa gare su. Aiki ya yi mata yawa, ta nemo wasu nas biyu 'yan Filato, Kiristoci masu jin Hausa, ta horar da su. Mama da kanta ta fara dafa musu abincin rana. Maganar rashin miji ma ta mutu, don a shekarar ce wani malamin jami'a ɗan Zariya ya turo magabatansa, kuma mahaifiyarsa ce ta fi kowa ɗoki.

Don kammala ƙwarewa sai an rubuta kundin bincike. Nata a kan yadda Hausawan Legas ke faɗin ciwon zuciya da na tunani ta yi shi, domin ta ce tambayoyin da ke cikin littattafai idan aka juya su zuwa Hausa ba mai gane su. Ba macen da za ta zo ta ce tana da ciwon damuwa. Cewa za ta yi kanta yana hayaƙi, ko wani abu yana mata yawo a jiki, ko ƙirjinta ya yi nauyi, ko tunani ya yi mata yawa. Ta riƙa zaunar da ni da Mama da matar Baffa tana karanto mana tambayoyin da ta tsara, mu kuwa muna gyara mata. Mama ta fi kowa tsanani. Takan ce wannan Hausar rediyo ce, ba mai faɗin haka a ɗaki, ta sa a goge. Takardar tambayoyin da muka gyara a tsakar gidanmu ita ce daga baya likitocin da ba sa jin Hausa suka riƙa amfani da ita tare da tafinta.

Ranar jarrabawarta ta ƙarshe na rufe shago na raka ta. Na zauna a kan benci a ƙarƙashin wata bishiya tun hantsi har la'asar, ina jan carbi ina kallon ƙofa. Da aka kafe sunaye ta fito tana tafiya a hankali, har gabana ya faɗi. Ta zo ta zauna kusa da ni, ta cire takalmanta, ta ce, "Yaya, an gama. Yunwa nake ji." Muka rungume juna muna dariya, sannan muka tsallaka titi muka ci amala. A iya sanina, ba wani ɗa ko 'yar unguwarmu da ya riga ta kai wannan matsayi a wannan fanni. Da muka sauka daga danfo a Agege, mun tarar an kafa rumfa a layinmu ba wanda ya faɗa mana. Mahauta sun kawo sa guda, Baffa ne ke tsaye a kan masu gashi yana ba da umarni, maƙwabtanmu Yarabawa sun fito da manyan tukwanensu.

Yanzu tana da ɗaki na kanta a cibiyar lafiya ta unguwa, da allo a ƙofa, kuma layi yakan kai har waje. Sauran kwanakin tana koyarwa. Kwanan baya ta zo min da ɗalibanta huɗu, biyu Yarabawa, ɗaya Ibo, ɗaya Bahaushe ɗan unguwar Sabo Yaba da Hausarsa ta cakuɗe da Turanci. Ta ce kafin su taɓa mara lafiya ko ɗaya a Agege, sai na koya musu yadda ake gaida tsohuwa. Na zaunar da Mama a kan kujera, na sa suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna russunawa, suna tambayar kwana da gajiya da iyali. Ɗan Ibon ne ya fi kowa ƙoƙari, sai dai ya gaishe ta da ina kwana ana kiran la'asar. Mama ta amsa masa da lafiya lau, ta ce ya koma ya sake shigowa.